Haƙƙin Wanda Ya Faɗi a Bakin Hanya

Wanda ya taso daga birnin Sakkwato ya nufi kudu, ya wuce Boɗinga inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, da Sifawa inda Shehu Usmanu ya yi shekaru yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ba zai daɗe ba sai ya shiga ƙasar Shagari, ya tarar da Dandin Mahe, garin manoma gero da dawa, wanda rayuwarsa take tafiya a kan kiran salla da faɗuwar damina kamar yadda take tafiya tun zamanin kakanni.

Abin da ya sauya shi ne hanyar. Dattawa suna tuna lokacin da mota za ta lalace cikin dare, mai wucewa ya tsaya ya tambayi lafiya, ya ba da ruwa ko ya ɗauki mata da yara zuwa gari na gaba. A yau, da la'asar ta yi sanyi kowane direba burinsa ya isa masauki kafin magariba, kuma idan ya hangi mutum kwance a gefen titi, ko wani yana ɗaga hannu, abin da yake fara faɗo masa a rai shi ne tarko.

Ba a ga laifinsa ba. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo sun kashe mutum fiye da arba'in, a watan Disamba na shekarar kuma aka tare motar matafiya a ƙasar Sabon Birni aka cinna mata wuta da mutane a ciki, kuma ko da yake mafi munin bala'in ya faɗa wa gabashin jihar ne, tsoro ba ya neman izinin ƙetare iyakar ƙaramar hukuma.

A garuruwa irin wannan Kirista tsiraru ne ƙwarai, galibinsu mutanen da aiki ya kawo: malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, ɗan sanda, mai shagon magani, matashi mai hidimar ƙasa. Amma suna bin hanyar da kowa yake bi, suna jin tsoron da kowa yake ji, kuma a cikin littafinsu akwai wata ƙissa wadda, idan aka karanta ta da Hausa a wannan ƙasa a wannan zamani, sai ka ce jiya abin ya faru a bayan gari.

Ƙissar hanyar Yariko

Tana cikin Linjila ta hannun Luka, sura ta 10. Wani masanin Attaura ya zo yana jarraba Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa, da mas'alar abin da ke kai mutum ga rai madawwami, aka mayar masa da tambayarsa, ya amsa da kansa cewa ƙaunar Allah ce da ƙaunar maƙwabci, sa'an nan, irin ta malamin da ba ya son a tashi majalisi bai nuna fasaharsa ba, ya nemi a iyakance masa ko wa ake nufi da maƙwabcin.

Maimakon ta'arifi sai aka ba shi labari. Wani matafiyi ya gangaro daga Urushalima zuwa Yariko, tafiyar kusan kilomita 27 cikin duwatsu da kwazazzabai, mafasa suka tare shi, suka tuɓe shi, suka bar shi rai kwakwai mutu kwakwai. Firist ya zo ya gan shi ya ratse, Balawe mai hidimar Haikali ya zo ya yi haka nan, sai wani Basamariye, ɗan ƙabilar da Yahudawa suke ɗauka a kan ɓataccen tafarki, ba sa cin abinci da ita, ya sauka daga dabbarsa, ya wanke raunukan ya ɗaure, ya kai shi masauki ya yi jinyarsa, da gari ya waye ya ba mai masaukin dinari biyu tare da alkawarin cika abin da ya ƙaru idan ya komo.

Malaman Kirista na farko, irin su Agustin na Arewacin Afirka, sun yi wa ƙissar tawili mai nisa, suka ce matafiyin Adamu ne, masaukin kuma Ikilisiya. Wannan tafsirin baɗini yana da daɗin ji a ɗakin karatu. Amma direban da yake dawowa daga Tambuwal da almuru ba ya bukatar tawili, domin zahirin maganar ya ishe shi nauyi.

Martin Luta Kin, mai wa'azin baƙaƙen Amurka, a jawabinsa na ƙarshe a Memfis a daren 3 ga Afrilu 1968, ya yi wa firist da Balawe uzuri wanda mutanenmu za su gane nan take: ya ce wataƙila tsoro ne ya hana su tsayawa, ko mafasan suna nan kusa, ko kuma na kwancen ƙarya yake yi. Bambancin, a ganinsa, shi ne su sun auna abin da zai same su idan suka tsaya, Basamariyen kuwa ya auna abin da zai sami mutumin idan bai tsaya ba. Washegari aka harbe mai wannan magana.

Yadda littafin ya koyi Hausa

Kafin a kai ga yadda ake aiki da nassin, ya kamata a san da wane harshe ya zo, domin a nan akwai abin lura. Wani Bajamushe, Jems Shon, wanda ya bi ayarin binciken kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Kurawuda, shi ya fara juya sassan Linjila zuwa Hausa, aka buga Matiyu a 1857, kuma ya sami taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. Daga baya Likita Mila, wanda ya shigo tare da ayarin Bishop Tugwel a 1900, Sarkin Kano Alu ya sallame su, ya zauna Zariya shekaru masu yawa har aka ƙaura da mishan zuwa Wusasa wajen 1929, shi ne ya ja ragamar aikin da ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. An sake sabuwar fassara wajen 1980.

Masu fassarar ba su sami Hausa fanko ba. Sun tarar da harshen da malaman Katsina da Kano da Sakkwato suka shafe ƙarnuka suna zuba masa kalmomin tauhidi da fiƙihu, don haka dole suka ɗebo daga wannan rijiya: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, sadaka, addu'a, alkawari, shari'a, hukunci. Har yau Kiristan da yake ibada da Hausa yakan kira taron Lahadi sujada, ya kira ushirin da yake fitarwa zakka.

Sakamakon haka shi ne, duk saɓanin aƙida da ke tsakani, kuma saɓani ne na asali wanda babu amfanin ɓoye shi, idan magana ta zo kan maƙwabci, bangarorin biyu da kalmomi ɗaya suke yin ta. Almajiri ya san hadisin da ya nuna Mala'ika Jibrilu bai gushe yana wasiyya da maƙwabci ba har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zaci za a ba shi gado, ya kuma san yadda malamai suka kasa maƙwabta uku, suka tabbatar wa wanda ba Musulmi ba haƙƙinsa na maƙwabtaka.

Amanawa

A ƙasar Sakkwato, wurin da aka fara gwada wannan ƙissa a aikace bai yi nisa da Boɗinga ba. Lokacin da Baturen mulki Lugga ya ci Sakkwato a Maris 1903 ya yi alkawarin gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addini ba, kuma shekaru kusan talatin Turawan mulki suna riƙe da wannan hujja suna hana 'yan mishan kafa tasha a tsakiyar masarautun Musulmi, ba don ƙaunar Musulunci ba sai don gudun abin da zai dagula haraji da zaman lafiya.

Ƙofar da ta buɗe ita ce kuturta. Wajen 1937 hukumomin En'e suka miƙa wa mishan ɗin Sudan Interior, wadda Roland Bingam da abokansa biyu suka faro a 1893, kula da zangon kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A lokacin babu magani sai allurar wani mai da ake kawowa daga Indiya, mai zafi, mai ƙarancin fa'ida. Ƙwayar dafson ba ta bazu ba sai daga ƙarshen shekarun 1940, haɗin magunguna da ke warkarwa sarai kuwa sai farkon shekarun 1980.

To me ya zaunar da ma'aikatan jinya suna wanke gyambon da dangin mai shi suka guje wa? Nassin da suka riƙe yana cikin Markus sura ta 1, inda kuturu ya zo ya durƙusa, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali shari'ar Littafin Firistoci ta hukunta mai irin wannan cuta da zama bayan zango. Akwai kuma kutare goma na Luka sura ta 17, waɗanda ɗaya kaɗai ya komo godiya, shi ma Basamariye.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. 'Yan mishan ba su ɓoye cewa burinsu bishara ba ne, kuma an yi ta taƙaddama tsakaninsu da sarakuna da alƙalai, musamman a kan 'ya'yan majinyata da ake raba su da iyaye don kariya daga cutar, su tashi a hannun mishan. Musulmi da yawa sun ga cewa magani ya zama ƙugiya. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta bi wannan al'amari cikin littafin da ta fitar a 2014, ta nuna cewa daga irin waɗannan wurare ne wani ɓangare na Kiristan Hausa ya fito.

Ra'ayina a nan shi ne, ƙissar kanta ta yanke hukunci a kan wannan rigima tun kafin a yi ta, domin Basamariyen bai tambayi na kwance mazhabarsa ba, bai kuma jira ya farfaɗo don ya yi masa wa'azi ba. Ya biya ya kama hanyarsa. Inda aka yi jinya haka, mutane sun riƙe alherin har bayan gwamnati ta karɓi asibitocin mishan a shekarun 1970. Inda aka haɗa ta da sharaɗi, abin da ya rage shi ne zargi. Amanawa dai tana nan, asibitin cututtuka masu yaɗuwa ce ta jiha, a can aka killace masu korona a 2020, kuma har yau a ƙetaren iyaka mutane suna cika asibitin Galmi da mishan ɗin ta buɗe a 1950.

Kuɗin fansa da takobi

Jarrabawar yau ta fi ta kuturta tsanani ta wata fuska, domin kuturu ba ya riƙe da bindiga. A watan Mayu na 2022 aka shiga gidan limaman Katolika a Gidan Maikambo cikin ƙasar Kafur, wadda a lokacin take ƙarƙashin Dayosis na Sakkwato kafin a yanke na Katsina a 2023, aka tafi da limamai biyu da yara biyu, suka yi kusan wata a daji. Makonni kaɗan kafin haka Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan kuɗin fansa.

A nan masu karanta littafi ɗaya suka rabu. Wasu suna cewa biyan fansa sayen harsashin da za a harbi maƙwabci ne gobe, kuma Romawa sura ta 13 ta ɗora wa hukuma riƙon takobi, don haka a matsa mata ta yi aikinta. Wasu suna cewa wanda ɗansa yake ɗaure a gindin itace ba ya jiran hukuma, kuma fansar kamamme aikin jinƙai ne da Ikilisiya ta sani tun da daɗewa. A aikace na biyun ne yake rinjaye: ana zagaya faranti a majami'a, Zumuntar Mata ta haɗa nata, a sayar da gona da shanu, daidai yadda ake yi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a.

Haka nan mas'alar kare kai. Masu riƙe da wa'azin kan dutse a Matiyu sura ta 5 suna ganin ramuwa ba ta Kirista ba ce ko kaɗan. Matasa kuwa sukan kawo Nehemiya sura ta 4, inda masu ginin garun Urushalima suke aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da makami, da kuma maganar sayen takobi a Luka sura ta 22. Dattawan majami'u da dama sun tsaya a tsakiya, suna halatta tsaron gida da gari, suna haramta bin mutum har rugarsa don ɗaukar fansa, saboda sun ga yadda aikin 'yan sa-kai a Zamfara ya mayar da fashi gabar ƙabila.

Idan maƙwabcin ne abin tsoro

Akwai wurin da magana take da ɗaci, kuma rahoton da ya tsallake shi bai cika amana ba. Ranar 12 ga Mayu 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wasu ɗalibai suka kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci ga Annabi. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, malamai da yawa suka bayyana cewa hukunci na alƙali ne ba na taron jama'a ba, wasu kuma suka tsaya a kan cewa akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Bayan kwana biyu zanga-zanga ta ɓarke a birni, aka taɓa majami'u da shaguna, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita.

Kiristan da ke zaune a ƙauye shi kaɗai cikin dubban Musulmi ya kwana da wannan labari a ransa. Wasu sun nemi canjin wurin aiki. Waɗanda suka zauna sukan jingina da wasiƙar Annabi Irmiya, sura ta 29, wadda ta umarci bayin da aka kwashe zuwa Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar garin da suke ciki, domin lafiyarsu tana cikin tasa.

Bishop Matiyu Hassan Kuka, wanda yake riƙe da Dayosis na Sakkwato tun 2011, ya ɗauki wani salon, na annabawan Tsohon Alkawari irin su Amos, masu faɗa wa sarakuna magana a fuska. Saƙonsa na Kirsimetin 2020 a kan mulkin Shugaba Buhari ya tayar da ƙura, har wasu ƙungiyoyin Musulmi suka nemi ya janye ko ya bar garin, wasu kuma, cikinsu har da Musulmi, suka ce ai abin da talaka yake faɗa a zaure ne ya faɗa a mumbari. Shi ne kuma yake zama tare da Sarkin Musulmi a kwamitin zaman lafiya na ƙasa da Janar Abdussalami Abubakar yake shugabanta. Mai karatu ya auna da kansa ko kaifin harshe ya ƙara wa tsirarun ƙauye aminci ko ya rage. Su kansu ba bakinsu ɗaya ba.

Abin da ƙissar Yariko take yi wa mai sauraro Kirista a nan ya fi wa'azin taimako nauyi, domin gwarzon labarin ba ɗan addinin masu sauraro ba ne. Wanda ya karanta ta da gaskiya dole ya yarda cewa wata rana shi ne na kwance, mai sauka daga jaki kuma yana iya zama mai rawani. An ga haka a Yunin 2018 a ƙauyen Nghar cikin ƙasar Barikin Ladi, inda Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da tamanin, ya ɓoye mutum sama da ɗari biyu, galibinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Fafaroma Faransis ma, da ya rubuta wasiƙarsa a kan 'yan'uwantaka a 2020, ya keɓe babi guda ga wannan ƙissa, ya kuma ambata cewa ganawarsa da Shaihul Azhar Ahmad al-Ɗayyib a Abu Dabi a 2019 tana cikin abin da ya zaburar da shi.

Mai masauki da dinari biyu

Mutumin da masu wa'azi suka fi mantawa da shi a ƙissar shi ne mai masauki, wanda ya karɓi baƙo jina-jina daga hannun baƙo, bai nemi shaida ba, ya kuma yarda da bashi. A ƙasarmu nan ne gizo yake saƙa. Mutane da yawa da suke ratse wanda mota ta buge ko aka harba, ba mafasa suke tsoro ba, tsoronsu kada a riƙe su a ofishin 'yan sanda a matsayin waɗanda ake tuhuma, ko a ce su ajiye kuɗi kafin a taɓa majinyacin.

Doka ta riga ta yi magana. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, kuma dokar 2017 a kan waɗanda harsashi ya sama ta wajabta a yi musu magani ko babu takardar 'yan sanda, ta kuma hana a wulaƙanta wanda ya kawo su. Amma talakan da bai taɓa jin labarinta ba, da ma'aikacin da yake tsoron abin da zai biyo baya, ba su amfana da abin da ke rubuce a Abuja ba. Da fastoci da limamai za su ware minti biyar na wa'azi su karanta wa jama'a waɗannan dokoki biyu, da sun yi wa na kwance a hanya hidimar da ta fi doguwar huɗuba.

Saura kuɗin. Dinari a wancan zamani ladan yinin ma'aikaci ne, kamar yadda misalin masu aikin gonar inabi a Matiyu sura ta 20 ya nuna, don haka Basamariyen ladan kwana biyu ya ajiye, kuma ya isa riƙe majinyaci kwanaki. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun Yulin 2024 naira dubu 70 ne a wata, ladan kwana biyu ke nan bai wuce dubu biyar da 'yan kai ba. Litar man fetur kuwa, wadda ba ta kai naira 200 ba kafin a janye tallafi a ƙarshen Mayu 2023, ta haura dubu a ƙarshen 2024.

Wato dinari biyun malamin makarantar da ya tsaya a kan wani a kusa da Dandin Mahe, lita biyar ce a farashin ƙarshen 2024, wadda da ƙyar za ta kai mota Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta komo da shi gida, ba a yi maganar kati ba, balle jini da zare da allura.